Faranti Sittin da Malam Ya Bar Ni da Su

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina duƙe a kan madubin gwaji ina ƙirga gashin saiwar tumatir, mai kula da ɗakin bincikenmu ya tsaya a kaina ya ce, "Malam ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuciya ce, in ji likita. Malam, an ce kana zaune a falo, ko takalmin fita ba ka gama sawa ba.

Na yi kuka, Malam. Amma tunda kai ka hana mu yi wa sakamako kwalliya, bari in faɗi gaskiya: bayan kwana uku haushinka ya kama ni, har yau bai sake ni ba.

Shekara talatin ka yi a kan waɗannan siraran gashin da tsiro ke shan ruwa da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. Ni ce ɗalibarka ta ƙarshe. Kundin digirina faranti sittin ne na tsiro: wasu an rage musu sinadarin fosfaras, wasu an ƙara musu gishiri, wasu sun tashi a zafi. Dokarka ita ce mai ƙirga ba zai san me aka zuba wa kowane faranti ba, don kada ido ya ga abin da rai ke so. Kai za ka goge sunayen, ka sa lamba, ka riƙe sirrin. Sau nawa na ce ka rubuta? Sai ka ƙwanƙwasa goshinka ka ce, "Sarkin Gaggawa, in na rubuta za ki leƙa."

To, ban leƙa ba. Wata takwas ina ƙirga har idona ya fara ruwa. Ga lambobi cike da littafi, ban san wanne ne na gishiri ba, wanne ne na zafi. Saura mako guda ka buɗe mini.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ka bar mini wurin da zan tsane ka ba. Da ɗana ya kwanta a asibiti, kai ka zauna a kujerata kwana tara kana auna mini tsiro, da ciwon bayanka. Da injin tace ruwa ya lalace, kai ka riƙa hawo da jarka bene na uku, kana haki kana yi mana faɗa don mun ce za mu karɓa.

Mama maiɗakinka, baiwar Allah, cikin takabarta ta zazzage mini aljihun rigunanka ɗaya bayan ɗaya, ko ka rubuta sirrin a wata takarda. Muka samu busasshen iri da guntun fensir. Ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Ni ma ya tafi da lambar akwatin takardun gida." Muka yi dariya, muka ɓige da kuka.

Jiya na zubar da faranti sittin ɗin, na jiƙa sabon iri. Wata takwas kuma daga farko. Na miƙa wa mai kula da ɗakin, ya sa lamba ya ɓoye mini, don ban iya aikin ta wata hanya ba. Ka riga ka ɓata ni. Sai dai na sa ya rantse ya rubuta a wuri biyu.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mama da yara, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Ni kuwa na yafe maka duniya da lahira, haushin ne dai zai ɗan jima.