Tikitin Yaya Sule

Shekara shida ke nan cif, a wannan lokaci na yankan shinkafa, da muka rasa yayana Sulaiman, wanda duk kasuwar kifin Haɗejiya ta sani da Sule Mai Banda. Shekara shida, amma wayarsa ba ta taɓa barin jakata ba. Duk wata nakan sa wa layinsa kati, in kira kaina da shi, don kada a rufe. Masu yi mini kallon wadda baƙin ciki ya zautar, yau zan gaya muku dalili.

Ciwon ƙoda ne ya kama Yaya, ciwon nan da ya addabi mutanenmu na bakin kogi. Da wankin ƙodar da ake yi masa a Kano ya fara gazawa, sai aka haɗa mu da wani likita a Legas, aka sa mana rana. Jikinsa ba zai iya zaman mota kwana da wuni ba, dole sai jirgi. Aka sayar da shinkafar gonarsa ta Auyo tun ba ta shigo gida ba, aka ware kuɗin asibiti, aka ware na hanya. Ni ce 'yar bokon gidan, malamar firamare, don haka ni aka ɗora wa yankan tikiti biyu, nawa da nasa, aka biya da sunansa da layin wayarsa. Kuma ni ce da bakina na ce ga wani kamfani mai sauƙin farashi, me zai sa mu ba wancan kusan ninki biyu alhali duk sama ɗaya za a bi? Yaya ya yi murmushi ya ce, "Binta, araha fa ba ta ado." Na ce ai ba ado za mu je yi ba. Wallahi har yau in na tuna wannan amsa sai na ji kamar in mari kaina.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, rana ta fito mana a Jahun, kafin hantsi muna filin jirgin Kano. Yaya ya zauna a kujerar ƙarfe, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Aka ce an ƙara wa lokacin tashi awa ɗaya. Aka ce an ƙara biyu. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar. Sai wata budurwa ta fito ta ce an soke tashin, kowa ya shiga intanet ya cike fom, za a mayar masa da kuɗinsa cikin 'yan kwanaki. Na nuna mata mutumin da ke zaune, ko waiwayawa ba ta yi ba. Akwai kujera a jirgin wani kamfani washegari, amma farashin ya haukace, kuɗin hanyarmu kuma yana hannun waɗannan. In muka taɓa na asibiti, mu isa Legas mu ce wa likita me? Haka muka juyo gida. Likitan ya sake sa mana rana bayan wata biyu. Yaya bai cika mako biyar ba.

Ban ce su suka kashe shi ba, astagfirullah. Kwana ne ya ƙare, kuma ko a cinyar likitan yake ba zai ƙara minti ɗaya ba. Wannan na sallama wa Allah tun ranar. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da ya biyo baya.

Kun san al'adarmu. Kafin a sallaci gawa, liman yakan yi shela cewa duk wanda yake bin mamaci ya zo ya faɗa, wanda mamaci yake bi kuma ya ji tsoron Allah ya kawo. Ranar sadakar uku aka ce ana sallama da ni a zaure. Na tarar da wani dattijo masunci daga wajen Baturiya, wandonsa jiƙe har gwiwa, don sai da ya shiga kwalekwale kafin ya samu babur. Ya kwance ƙullin leda ya ajiye 'yan tsofaffin takardun kuɗi, ya ce, "Baiwar Allah, marigayi ya ranta mini na sayi komar kamun kifi shekara biyu da suka wuce. Daga ni sai shi sai Allah. Ba zan iya barci da haƙƙin marainiya a wuyana ba." Babu rasit, babu shaida, babu wanda zai taɓa tambayarsa. Mai kwalekwale ya kawo nasa, masu jirgin sama ba mu ga ƙeyarsu ba.

Marainiyar ita ce Ummi, 'yar Yaya tilo, tana da shekara goma sha biyu a lokacin, mahaifiyarta kuma ta riga shi rasuwa. Da malam ya zo rabon gado, ya sa kuɗin tikitin cikin abin da marigayi yake bin mutane. Kason da ya faɗo kaina na bar wa Ummi tun a zauren. Malam ya miƙo mini ambulan ɗin tikitin ya ce amana ce, in karɓo mata. Daga ranar kuɗin ya zama ba nawa ba, balle in yafe. Wannan ne abin da masu cewa "Haba Binta, ki bar su da Allah mana" suka kasa ganewa. Da wane baki zan yafe abin marainiya?

Na cike fom sau nawa, ban sani ba. Da farko suka ce in jira. Sannan suka ce fasinjan da aka biya da sunansa ne kaɗai zai nemi kuɗin. Na aika takardar shaidar mutuwa, suka ce sai ta kotu. Na je kotu na yi rantsuwa na aika, suka ce ai tuni an mayar da kuɗin ya zama ajiyar tafiya da sunan fasinja, yana iya hawa jirgi duk ranar da ya so cikin shekara guda. Jama'a, mutumin da ke kwance a maƙabarta! Da na ɗaga murya a ofishinsu na Kano har mai gadi ya matso, sai wani mai ɗaure da laktaye a wuya ya lallaɓa ni, ya ce za a turo lambar sirri ta layin da aka yanki tikitin da shi, in kula kada layin ya mutu. An daɗe ana cewa gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Abin da ke shigowa wayar kawai tallan rangwame ne, sai kuma duk shekara su taya Yaya murnar ranar haihuwarsa.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Zai tarar ciyawar kachalla ta ƙara shaƙe kogi, kifi ya ja baya, kwalin banda ya yi tsadar da bai taɓa mafarki ba. Wannan duk zai fahimta. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne yadda yanzu ko mutum ba ka samu ka yi wa faɗa, na'ura ce ke ba ka haƙuri da muryar mace. Shi da ya shekara talatin yana loda kifi zuwa kudu a kan magana kawai, in kwali ɗaya ya isa da ƙwari, kafin mai kaya ya gama ƙorafi ya ce a cire a nasa. Yakan ce alkawari kaya ne, wanda ba zai iya ɗauka ba kada ya sunkuya.

Makon jiya Ummi ta cika sha takwas, ta kuma samu gurbin karatun jinya. Na zaunar da ita na ajiye ambulan ɗin da wayar a gabanta. Na ce, "Ummi, ga amanarki, na kasa. Kuma ni na zaɓi kamfanin nan, babanki bai so ba." Ban taɓa gaya mata wannan ba, kuma na fi tsoron amsarta fiye da komai. Ta daɗe tana juya tikitin, rubutunsa duk ya koɗe. Sannan ta ce, "Gwaggo, ke kam babu komai tsakanina da ke, kin yi abin da ko ɗa namiji ba zai yi ba. Su kuwa ban yafe ba, ba kuma zan ƙara roƙonsu ba. A bar shi a hannunsu. Akwai ranar da ba a biya da naira."

Muryar ubanta na ji, shi da bai taɓa ɗaga murya a kan haƙƙinsa ba, bai kuma taɓa mantawa da na wani ba. Bai bar gidan sama ba, gonar Auyo ma ta tafi wajen jinya. Ya bar masuncin da ya keta ruwa don ya sauke nauyinsa, ya kuma bar 'yar da ta san bambancin haƙuri da yafiya. Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa.

Ku kuma masu jirgi, ku huta da neman lambar sirri. Wannan watan ban sa wa layin kati ba.