Mishmisha Ba Za Ta Fita Ba

Hajja Sawsan ba ta yarda da mutumin da ya shigo mata da murmushi. Tun da ta mayar da gonar mahaifinta ta ƙauyen Shabramant gidan karnuka da kyanwoyin da aka yar, ta ga iri-iri: mai neman kare don faɗan caca, mai neman kyanwa don ta haifa masa na sayarwa a kasuwar Juma'a.

Shi ya sa da wani Ustaz Midhat ya zo, har da ƙunshin kek ɗin basbusa, ya ce mahaifiyarsa yake nema wa kyanwa, sai ta ƙare masa kallo tun daga takalmi. Bai ko zaga ba, ya nuna Mishmisha, wata fara mai yawan gashi da aka tsinta cikin kwali a bakin ƙofa.

"An cire mata mahaifa fa," in ji Hajja. Da wannan maganar take korar 'yan kasuwa, ko shayi ba sa tsayawa sha.

"Ba komai, Hajja."

Amsar ba ta yi mata daɗi ba, ta yi sauri da yawa. Ta buɗe kejin tana jiran ya sha yakushi, don Mishmisha ko likita ba ta ƙyale ba. Sai ga 'yar banza ta fito tana goga kai a ƙafar wandonsa.

"Ustaz, kai ka kawo kwalin nan ko?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta samu ciki, ya ce, dangi suka taso shi gaba wai gashin kyanwa na zubar da ciki. Yanzu an haihu lafiya, tsohuwarsa kuma tun ranar take ajiye wa kyanwar madara a bayan ƙofa.

Tausayin tsohuwar ya kama Hajja Sawsan sosai, har ta kai hannu kan kwandon ɗaukar kyanwa. Sai ta tsaya.

"Allah ya raya. To in madam ta sake samun wani cikin fa?"

Midhat ya kau da kai, ya dubi bango.

Ta ɗauke Mishmisha daga ƙafarsa, ta sha yakushi har jini, ta mayar da ita keji.

"Ka kawo Mama duk ranar da ta so ganinta. Akwai kujera."