Cokalin Ginin Malam

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, na kuma ce mata in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Mijina, Malam, magini ne. Daga Damagaram muka zo garin Sabha, nan ƙasar Larabawa, yana da ƙarfinsa, a unguwar Hajara muka tsufa. Ciwon ya fara da ƙananan abubuwa: ya yi alwala ya sake yi, ya tambayi ko an kira azahar alhali yanzu ya sallame. Daga baya sunana ya ɓace masa, ya koma ce mini baiwar Allah. Likita ya ce cutar mantuwa ce, ba ta warkewa, kuma ba su da ɗakin ajiye irinsu. Ya ce in riƙa kulle ƙofa.

Na kulle. Ya wuni yana dukanta har hannunsa ya fashe, wai zai makara aiki. Sai na buɗe.

A garin nan masu aikin yini ba sa tallan kansu da baki. Suna jeruwa a bakin titi, kowa da kayan aikinsa a gabansa, mai fenti da burushi, mai fasa bango da guduma. Mai mota ya tsaya ya nuna kayan da yake so, mai kayan ya haye baya. Wannan kaɗai Malam bai manta ba. Kullum sai ya ɗauki cokalin gininsa ya je ya tsuguna cikinsu.

Tsorona ke nan. Takardar zamansa ta daɗe da mutuwa, Larabcin da ya koya ya zube. In mota ta ɗauke shi aka tsayar da su a bawaba, wato shingen masu bindiga, ko sunansa ba zai iya faɗa ba. A ina zan nemo shi?

Na je wurin shugaban ’yan ƙasarmu. Na ce, “Alhaji, ba abinci na zo roƙo ba. Kati nake so mai hotonsa, a rubuta da Larabci cewa tsohon nan ba shi da lafiya, a maido shi gida.”

Ya ce, “Inna, mun kai maganar gaban hukuma. Sun ce ana tsara wani abu domin tsofaffi masu wannan ciwo. Ko zai haɗa da baƙi, ban sani ba. Ki ƙara haƙuri.”

“Ni ina da haƙuri. Shi ne ba ya jira.”

Sai na koma bin sa, in zauna a gindin katanga ina kallonsa. Wata safiya zazzaɓi ya makarar da ni. Na iso, wurinsa babu kowa.

Akwai wani mai fenti, Bakano, da ya saba tsokanarsa da “Baba, yau bene nawa za mu ɗora?” Shi na tambaya. Ya kasa kallona.

“Inna, shayi na je saye. Wani Balarabe ya nuna cokali, Baba ya riga kowa tashi. Sababbin zuwan nan ba su san shi ba, su suka taya shi hawa.”

“Ina suka nufa?”

“Hanyar Tamanhint.”

Kowa ya san akwai bawaba a hanyar nan. Ba wanda ya ce zai bi su, ban kuma ga laifinsu ba, su ma ba takarda gare su ba. Na zauna a wurinsa. Duk motar da ta rage gudu sai in miƙe. Azahar ta wuce, jerin ya watse, mai fenti kaɗai ya ƙi aiki ya zauna da ni.

Gab da la’asar motar ta dawo. Malam yana gaba, siminti har gemu, ya rungume cokalinsa. Mai fenti ya fassara mini maganar Balaraben: wai Malam ya jera bulo layi guda, miƙaƙƙe, sannan ya zauna yana kuka yana kiran uwarsa. A bawaba sun tambayi Malam sunansa ya kasa faɗa, sai shi Balaraben ya ce musu tsohon ma’aikacin gidansu ne.

Washegari mai fenti ya tara ’yan jerin, har da sababbi. Ya ce, “Duk motar da ta nuna cokalin nan, ku ce wani ya riga ya ɗauke shi aiki.” Shi kuma Malam suka riƙa ce masa maigidan aikinsa yana hanya. Haka yake zama yana jira, in rana ta take in je in ce, “Malam, an tashi aiki,” ya biyo ni.

Mota ba ta sake ɗaukarsa ba. A ɗakinsa ya cika, kansa bisa cinyata, bai san ni ba. Ki dakata kaɗan.

Katin bai fito ba har yau. Da Alhaji ya zo ta’aziyya na ce masa kada ya bar maganar, domin akwai wata tsohuwa a unguwar Sukra da ta fara fita neman rijiyar garinsu, ita kuwa ba ta da jerin da zai tsare ta.