Ƙafa-Waje da Giyabos Ɗin Motar Tsere

Mutanen layin sun fi sanin ƙafafunsa a kan fuskarsa, don kullum yana kwance ƙarƙashin mota, su kaɗai ke leƙowa. Shi ya sa ake ce masa Ƙafa-Waje. Gyaran giyabos, wato akwatin giyar mota, ya gada, kuma da bakinsa yake faɗi cewa in giya ta gagare shi, to sai addu'a.

Wata rana ya tsinto giyabos ɗin wata motar tsere da ta yi karo da gada. Gareji na yoyo, sai ya kai shi ɗakin baƙi, ya kwance shi a kan tabarma, ya canza haƙoran da suka cinye, ya wanke, ya mayar. Abu ya dawo yana juyi kamar sabo.

Sai dai Ƙafa-Waje yana da doka: ba ya sayar wa kowa sai mai saye ya tuƙa shi a tsohuwar motarsa zuwa ƙarshen layi, ya ji yadda yake sa giya. Masu saye suka yi ta zuwa, yana korarsu.

“Wancan ba direba ba ne, mahauci ne,” in ji shi.

Matarsa ta gaji. “Baban yara, yayata na nan tafe, kuma ba za ta kwana da baƙin mai ba. Ko ka fitar da shi, ko in kira masu sayen ƙarfe su fasa shi su auna.”

Ya san ta. Ba ta faɗa sau biyu.

Ana gobe baƙuwa za ta iso, wani matashi mai farin tabarau ya zo, wai motarsa irin waccan ta tseren ce sak, giyarta ta ƙone. Ƙafa-Waje ya miƙa masa makulli. Suna tashi, ƙurrr! Giya ta yi ƙara har wani mai wankin mota ya waiwayo. Mota ta mutu a tsakiyar titi.

Ƙafa-Waje ya shiga tsaka mai wuya: can gudumar masu sayen ƙarfe na jira, a nan kuma ga wani mahaucin. Yana shirin cewa “sauka”, sai ya ga matashin ya dafa sandar giya a hankali yana cewa, “Yi haƙuri, hajiya, laifina ne.”

“Da wa kake magana?”

“Da motar, Baba. Na ji mata ciwo.”

Ƙafa-Waje ya gyara zama. “Wanda ke ba ƙarfe haƙuri zai koyu. Taka kuloci har ƙasa, ɗana, ba ƙaya ba ce. Yawwa. Sake.”

Sai da suka zaga layin har yamma kafin ya ce an sayar, da sharaɗin shi zai ɗaura da hannunsa. Ƙarti huɗu suka cicciɓo giyabos daga ɗaki, shi kuma yana binsu yana ihu a yi hankali da bakin ƙofa.

Matarsa ta miƙo masa bokiti da tsumma. “To, gwani. Saura ƙasan ɗakin.”