Ruwan da Na Koro wa Albasar Baba

Ni fa har gobe idan wani ya ce kwamfutata ta yi ƙarya, raina ɓaci yake yi. Ba ta yi ba. Bakina ne ya jawo mana.

A lokacin ina aiki a Jega, a wani ofishi mai tsara magudanan ruwa. Mukan auna tudu da gangaren unguwa, mu zuba awon a kwamfuta, mu ce mata an tafka ruwa kaza, ita kuma ta zana inda ruwan zai bi da inda zai kwanta. Inda zai kwanta ya fito shuɗi, inda ya tsira ya fito fari. Da hannuna ya faɗa sai kaina ya kumbura. Na ce bari in yi wa layinmu na Aliero, don Baba ya ga karatun nan bai tafi a banza ba.

Baba manomin albasa ne. A shekarar ya ƙi sayar da ko buhu ɗaya da rani, ya jibge ta duka a rudu, rumfar karan nan da ake ɗorawa kan sanduna a bayan gida don iska ta riƙa ratsa albasa. Jira yake damina ta yi nisa albasa ta yi tsada. Abincin gidanmu na shekara ke nan a kan sandunan.

Na gama awo, na kunna masa a zaure. Layi duk ya yi shuɗi, gidanmu kaɗai fari tas.

"Mi tac ce?" in ji Baba.

"Ta ce ruwa ba zai shigo mana ba, Baba. Ta ƙofar Kawu zai gangara."

Kawu maƙwabcinmu ne, mahauci, abokin Baba tun suna yara. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Baba kan sa a kawo amalanke biyu na jar ƙasa a tada ƙofar gida. Na ce bana a bar wahalar nan. Inna ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Ni dai a zuba ƙasa." Na yi mata dariya. Allah Ya yafe mini.

Daɗi ya kama Baba. Ana saukowa daga Juma'a ya ja ni gindin bishiyar da dattawan layi ke zama, yana cewa su zo su ga abin da ɗansa ya iya. Da ina da hankali da na rufe abin nan na yi gaisuwa na wuce. Ina! Sai na bi gida gida ina nunawa. Kawu ya sunkuyo, ya dangwala yatsa a fuskar kwamfutar har ya bar mini maiƙo.

"Wanga shuɗin, gidana na?"

"Naka ne, Kawu. Har gwiwa."

"To, madalla."

Ni a zatona yabo ne. Na ci gaba da bayani cewa magani shi ne a haɗu a haƙa kwata guda ɗaya a gefen layi. Kowa ya gyaɗa kai. Ashe tun daga "har gwiwa" babu wanda ya ƙara jin komai.

Aiki ya kai ni Maiyama na yi mako uku. A bayana Kawu ya zuba amalanke huɗu a ƙofarsa. Maƙwabcinmu na tsallake ya gani, ya zuba shida, ya ƙara da buhunan yashi. Telan ƙarshen layi ya gina dakali. Baba kuwa yana zaune a ƙofarsa a fili, duk wanda ya ce ya zuba sai ya ce, "Mu namu fari na."

Ranar da na dawo, tun a kan mashin na hango layinmu ya koma kamar kunyar dankali. Ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ana kiran la'asar aka kece.

Ina tsaye a bakin zaure na ga ruwan ya taho kamar yadda kwamfuta ta faɗa, wallahi daidai. Ya je ƙofar Kawu ya tarar da tudu. Ya tsallaka, tudu. Ya leƙa wurin tela, dakali. Sai ya juyo ya ga ƙofa ɗaya a buɗe, ya shigo ko sallama babu. Ya ɗauki turmin Inna, ya ɗauki akurkin kaji, ya wuce bayan gida. Ƙasan sandunan ya jiƙe ya saki, rudu ya durƙusa, albasa ta bazu a cikin taɓo.

Na fita cikin ruwan ina ihu. "Kawu! Kun sauya ƙasar! Ba haka na auna ba!"

Yana tsaye a kan tudunsa, ƙafarsa a bushe. "Kai kac ce har gwiwa. In zamna in jira shi?"

Na juya na koma gida cikin ruwan.

Kwana uku muna tsintar albasa muna shanyawa, gida duk wari. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Kunya ta hana ni haɗa ido da kowa, ina ta jiran Baba ya zage ni in huta. Bai yi ba. A rana ta uku Kawu ya turo amalanke da kansa, cike da ƙasar da ya sara daga tudun ƙofarsa, ya juye a tamu.

Baba ya ce, "Ɗauko na'urar taka."

"Haba, Baba."

"Ɗauko. Ka auna tudu, ka auna kwari, ba ka auna Kawunka ba. Sa shi ciki."

Kawu ya yi dariya, Inna ta yi, ni ma har na fara. Baba ya ɗauki wata albasa ya matsa, ruwa ya fito, ya jefa ta cikin tarin ruɓaɓɓu. Bai dube ni ba ya ce, a hankali, "Ni dai da kac ce fari na, na yarda."