Gonar da Malam Alkasum Bai Gama Aunawa Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, ina tsakiyar darasin safe direkta ya leƙo ajina ya yafito ni. A bakin ƙofa ya shaida mini Allah ya yi maka rasuwa a asibiti a Damagaram, kwana huɗu bayan an kai ka. Na koma na ɗauki alli, na kasa tuna abin da nake rubutawa.

Malam Alkasum, shekara tara muna koyar da lissafi tare a kolej ɗin nan na gefen Gidimuni, kuma ban taɓa yarda da hanyarka ba. Gara in faɗa tun da fari. Ni nawa shi ne in rubuta ƙa'ida a allo, yara su kwafa, su haddace, a wuce gaba. Kai kuwa aji ba ya riƙe ka. Yau kana gindin rumbun wani da yara arba'in ana gardamar tiya nawa ta hatsi zai ci, gobe kuna bakin tafki da sanduna kuna auna yadda ruwa ke ja da baya. Na sha yi maka tsiya cewa lekwal, makarantar bokon nan tamu, ta nemi malami ta samu ɗan yawo. Sai dai ka yi dariya ka miƙo mini dabino.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ka ba da amsa. Na tuna ranar da ka sa su auna faɗin aji da kamu. Dogon cikinsu ya samu goma sha huɗu, gajeriyar ta samu goma sha bakwai, har aka kusa ba hamata iska. Kana zaune kan benci kana kallonsu. Sai da wata yarinya, Aliya, ta ce ai hannuwan ne ba ɗaya ba, sannan ka zaro mita daga aljihu. Awa guda ta tafi a kan abin da ni zan faɗa cikin minti biyu. Amma yaranka ba su manta ba. Nawa kuwa, ana tashi daga jarrabawa ƙa'idar ke zubewa.

Bara da enspekta ya zo, ni na gaya masa ka yi baya a tsarin karatu. Ka ji, ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Da matata ta kwanta rashin lafiya, kai ka riƙe mini ajina mako uku. Ina ta cewa in an yi hutu zan nemi gafararka. Ina jin kunyar wannan ƙwarai.

Yanzu direkta ya damƙa mini ajinka, tare da aikin da ka bari a tsakiya, kuma tsoro nake ji. Gonar gado ce ta wa da ƙani, Yakuba da Yusufu. Liman ya riga ya ce rabi da rabi ne, amma gonar karkatacciya ce, gefe ɗaya ya bi bakin tafki. Duk wanda ya ja iyaka sai ɗayan ya ce an cuce shi. Shekara biyu ba sa gaisawa. Kai ka lura Aliya 'yar Yakuba ce, Abdullahi ɗan Yusufu kuma ajinsu ɗaya. Ka je ka roƙe su su bar yara su auna, kowa ɗansa ya yi masa bayani da bakinsa. Suka yarda su jira, amma zuwa ruwan shuka kawai.

Ka raba ajin kashi uku, kowane kashi da igiyarsa mai ƙulli a kowace mita. Suka yanka gonar zuwa siffofi masu kusurwa uku, suka yi lissafi, suka kawo amsa uku. Bambancin ya kai inda mutum zai noma dami biyar. A nan ciwo ya kama ka. Na buɗe littafinka ina neman amsar, ban samu komai ba sai tambayoyin da ka shirya yi musu.

Na je wurin Yusufu na ce in auna musu da kaina, yini ɗaya ya isa. Ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, ba raini ba ne. Abin da ɗana ya auna da hannunsa shi zan karɓa, haka muka yi da marigayi."

Ranar Laraba na fita da su gonar. Da ido na gane matsalar: igiya ɗaya an are ta an ja ruwa da ita a rijiya, ta miƙe, ƙullayenta sun yi nisa da juna. Maganar ta zo mini har bakina. Na tuna ka, na haɗiye, na ce su sake dubawa. Muka dawo ba su gano ba. Ban san kwana nawa ake jiran yara su gano da kansu ba, Malam, ban taɓa tambayarka ba. Ga jarrabawar ƙarshe saura mako biyar, direkta yana cewa a koma allo. Yakuba ya fito da sungumi, ya ce ruwa na sauka zai shuka har gindin gawon da ke wurin da suke jayayya a kai. Yusufu ya ce zai ga mai taka wurin.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ilimin da ka bari a kan yaran nan ya zama mai binka da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Zainabu, da 'ya'yanka Hadiza da Fahad, da ɗalibanka da har yau ba su yarda kowa ya zauna kan bencinka ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ka yafe mini, ko da yake na makara.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Duk gari an fito ana addu'a ya sauka. Ni kaɗai, Allah ya gafarta mini, na roƙi a ƙara wa yaranka mako ɗaya.