Wawulon Jikar Mai Keke

Abin da na fara gani da na shiga babban ɗakin kawuna a Madarumfa shi ne wani farin ƙyalle mai saƙar furanni a gefe, an lulluɓe wani abu da shi a kan tebur kamar yadda ake rufe ƙwaryar nono. Daga Gabi na zo da ƴar jakata don in shiga kwalej. Ina durƙushe ina gaida matar kawu, wadda muke ce wa Inna, amma idona na kan ƙyallen. Babbar ɗiyar kawu, sa'ata kuma taubashiyata, ta lura da ni.

"Baƙauya, ba ta cizo," in ji ta. "Tele ce. Ita ma ki gaishe ta."

Na sunkuyar da kai. A wancan lokacin, ko ƙishirwa nake ji a gidan mutane, gara in haƙura da in buɗe baki in nemi ruwa.

Kawu direban kamyo ne, yana jigilar kaya tsakanin Ɗan Issa da Maradi. Ranar Asabar bayan la'asar, in yana gida, sai ya fito da ɗan injin wutarsa bayan ɗaki, ya zuba esansi, ya yi ta jan igiya yana faɗa da injin har ya tashi. Inna ta yaye ƙyallen ta ninke. Ƙarƙashin telen akwai na'urar bidiyo. Mu yara mu baje kan tabarma, Inna ta zauna bakin ƙofa da faifan tsintar wake, wai ita ba kallo take ba. Sai maƙwabcinmu ya shigo da kujerarsa a hannu. Dattijo ne ɗan majami'ar mishan, yana noman salati a bakin tabki, muna ce masa Baba Mai Lambu. Shi da kawu sun shekara da shekaru suna gardama kan komi, tun daga siyasa har lokacin shukar albasa.

A shekarar da na zo, kawu ya samo kaset biyar a Ɗan Issa, cikin tsohon buhun taki. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, takardun duk sun ɓamɓare. Labari ɗaya ne mai dogon zango, da Turancin Ingilishi, kuma mutanen ciki suna magana da sauri kamar ana korarsu. Kawu ya ce shi yana ji, tunda yana hulɗa da Katsinawa, saboda haka shi ne tafintanmu. Duk wanda ya daɗe yana magana a fim ɗin, sai kawu ya gyara zama ya ce, "Ya ce ba ya yarda."

Jarumin wani saurayi ne mai goge tagogin dogayen benaye. Yana da wata ɗamara, in ya murɗa ta dama sai ya yi sauƙi kamar auduga, iska ta ɗauke shi daga wannan bene zuwa wancan. In ya murɗa ta hagu sai ya yi nauyi har ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsa. Muka sa masa Mai Ɗamara. Abokin gabansa wani dogo ne mai satar inuwar mutane, wanda ya sace wa inuwa kuwa sai ya manta hanyar gidansu. Wannan dabarar ta burge ni fiye da duk tsalle-tsallen, har na daɗe ina duba inuwata a hanyar lakwal, wato makaranta.

Amma wanda na fi so ba jarumin ba ne. Wani tsoho ne mai ƙiba, mai tallan burodi a keke, shi ke gyara ɗamarar in ta lalace. Yana tsoron hawa sama, ko matakala ya taka sai ya rufe ido, kuma duk da haka kullum shi ke bin Mai Ɗamara har rufin bene da guzuri. Yana da ƴar jika da yake ɗorawa a kwandon keken. Muka sa masa Mai Keke.

A ɗakin kallo ba na cewa uffan. Sai washegari, in mun je bakin tabki wanki ni da taubashiyata, bakina ya buɗe. In gaya mata cewa lokacin da Mai Ɗamara ya tashi sama na ga siririyar igiya a bayansa. In ce jar motar da ta ƙone a farko ita ce ta sake ƙonewa a ƙarshe, don fitilarta ta hagu a fashe take duka biyun. In ce mutumin da aka sace wa inuwa, da ya wuce jikin bango, ga inuwarsa nan tana biye da shi, sun manta ba su ɓoye ta ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin in za ka yi mana ƙarya, ka yi ta da kyau.

"Ke ba kallo kike ba," in ji taubashiyata tana matse zane. "Bincike kike kamar ƴan duwan masu duba kaya a kan iyaka. Saura ki ce a sauke kaya."

A kaset na biyu da muka sa, Mai Keke ya faɗo daga kan gada yana kare jikarsa, ya mutu. Aka nuna jana'izarsa, ana ruwan sama, keken na jingine jikin itace. Faifan Inna ya zame, wake ya watse ba ta ko duba ba. Baba Mai Lambu ya cire hularsa. Ni kuwa na cusa fuskata cikin mayafi, kuma ranar ban ci tuwo ba.

Asabar ta gaba kawu ya zaro wani kaset daga buhun ya sa. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Mai Keke ya sho kwana a kan kekensa, yana cin burodi, lafiyarsa ƙalau. Yara suka tashi da ihu. Inna ta ce, "Ikon Allah, wannan ba shi aka binne ba?" Kawu ya saurari abin da ake faɗa, sannan ya ce, "To, ai ga shi suna bayani. Mai Ɗamara ne ya tashe shi da ɗamarar." Baba Mai Lambu kuwa, kafin a gama ya ɗauki kujerarsa ya fita.

Cikin makon wani masunci na unguwarmu ya rasu. Inna ta je gaisuwa da autarta, ƴar shekara shida. Autar ta ga matar mamacin tana hawaye, sai ta matsa kusa ta dafa gwiwarta, ta ce da ƙarfi, gaban mata cike da ɗaki, "Ki bar kuka, ai wani sati yana dawowa, kamar Mai Keke." Inna ta dawo gida ba ta ko iya cire mayafi ba. Ta zauna bakin murhu ta ce ita ba ta taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Da kawu ya dawo aka gaya masa, ya kira Baba Mai Lambu suka zauna a zaure. Muna jin su daga tsakar gida.

"Ni dai ka san hanyata daban, taka daban," in ji Baba. "Amma tada matacce ba abin wasan yara ba ne, a wurinku ko a wurinmu."

"Yau dai mun yi daidai," in ji kawu. "Ran Asabar zan maida kaset ɗin inda na ɗauko su. Telen ma a bar ta a rufe."

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun ranar da Mai Keke ya dawo wani abu ke damuna, kuma ba shi ne ya dame ni ba, jikarsa ce. A kaset na farko haƙoranta ƙanana ne, jere kamar ƙwayar shinkafa. Ranar jana'iza, da ta buɗe baki tana kuka, na ga manyan haƙora biyu a gaba, masu faɗi, irin waɗanda ke yi wa yaro yawa a baki. Amma a kaset ɗin da kakanta ya dawo, wawulo ne da ita, gaban bakin fayau. Na yi renon ƙannena a Gabi, na san yadda famfara take. Ƙananan su zube, a yi wawulo, sannan manyan su fito. Ba a komawa baya.

Na gaya wa taubashiyata a bakin tabki. Ta saki bokiti ta tsaya tana kallona.

"Wato bai tashi ba?"

"Bai tashi ba. Mu ne muka sa na ƙarshe kafin na tsakiya."

"To ki gaya ma babana mana!"

Na ce ita ta faɗa. Ta ce ita ba ta ga haƙoran kowa ba, in aka tambaye ta wuri kaza ba ta sani ba, kuma ba ta ɗaukar wa baƙauya kayanta. Na kwana biyu ina shirya maganar a zuciya. Duk lokacin da kawu ya wuce sai in buɗe baki, in ƙare da ce masa sannu da zuwa.

Ran Asabar da hantsi kawu ya fito da buhun ya ɗaure bakinsa, Baba Mai Lambu na tsaye da kwandon salati da za a sauke masa a hanya. Taubashiyata ta kama hannuna ta ja ni har gaban kamyon.

"Baba," ta ce wa kawu, "baƙauya na da magana."

"Wace? Wannan?" in ji kawu. "Ashe tana da murya? To, ɗiyata, ina jin ki."

Na kalli tayar motar. Na ce, "Kawu, Mai Keke bai tashi ba."

"Mi kika ce? Ɗaga murya."

Na sake faɗa, sannan sauran maganar ta biyo da kanta, da sauri, ban ma san ina da ita haka ba. Na yi bayanin ƙananan haƙora da wawulo da manya. Kawu ya ce shi da kunnensa ya ji suna cewa an tashe shi. Baba Mai Lambu ya yi tari, ya ce, "Kai da kullum suke ce maka ba su yarda?" Inna, wadda ta fito da tsintsiya a hannu, ta ce a tada injin ta gani da idonta, in maganar haƙora ce ba a yi mata gardama.

Kawu ya yi ta mita kan esansinsa, amma ya tada. Aka sa kaset ɗin jana'iza, aka yi ta turawa gaba ina cewa a ƙara, a ƙara, har muka iso inda yarinyar ke kuka. Na ce a tsaya. Hoton ya tsaya yana rawa, da layuka a tsakiya, amma haƙoran na nan, manya biyu. Aka cire aka sa ɗayan. Na ce a kai inda take dariya a kwandon keke. Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Sai ta juyo ta kamo autarta, wadda ita ma famfara take a lokacin.

"Buɗe bakinki."

Autar ta ƙi, ta ce ƙadangare zai gani haƙoran su ƙi fitowa. Aka rantse mata babu ƙadangare a ɗakin. Ta buɗe. Bakin da ke cikin tele da bakin da ke gabanmu, kamar an auna.

"Yarinyar nan ta fi ƙanƙanta a nan," in ji Inna. "Kusan shekara guda tsakani. Ɗiyar mutane ta yi gaskiya."

Baba Mai Lambu ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ya ce ashe masu fim ba su yi saɓo ba, tafinta ne ya yi. Kawu ya cire hula ya sosa kai, ya ce Turancin mutanen nan ba irin na Katsina ba ne, sannan shi ma dariyar ta kama shi. Taubashiyata ta yi guɗa a tsakiyar ɗaki, tana cewa baƙauya ta kama kayan fasa-ƙwauri. Ni dai ina tsaye, amma ban sunkuyar da kai ba.

Inna ta zaunar da autar a cinyarta ta yi mata bayani a hankali, cewa wanda ya tafi ya tafi, Mai Keke ma bai dawo ba, mu ne muka ga jiyansa bayan yau ɗinsa. Da yamma ta kai ta gidan masuncin suka sake gaisuwa.

Kawu ya fasa tafiyar safe. Ya kwance buhun ya zube kaset ɗin biyar a gabana, ya miƙo mini guntun alli, ya ce tunda ni ce likitar haƙora in jera su. Biyun da ba mu gani ba aka leƙa kowanne kaɗan. A ɗaya haƙori guda ne ya faɗi, a ɗayan kuma sababbin sun fara leƙowa. A duka biyun Mai Keke na nan da ransa, yana haki a kan matakala. Na rubuta lamba a jikin kowanne, na jana'iza ya zama na biyar.

"Shi ke nan," in ji kawu yana tafa hannu. "Yau biki ne. Bayan la'asar duka biyun za mu kalla, ko esansin ya ƙare in aro."

Yara suka hau tsalle. Ni kuwa ina riƙe da na biyar ɗin, na tuna cewa abin da na tabbatar wa kowa shi ne Mai Keke ya mutu da gaske, kuma kaset biyun nan su ne iyakar abin da ya rage mana da shi. Na ajiye allin. Wannan karon ba wanda ya ja hannuna.

"Kawu," na ce, "don Allah kada a sa su duka yau. A riƙa sa rabi-rabi, kowace Asabar rabi."